Hular Da Nababa Bai Zana Ba

A da, duk hular kirki da ka gani a ƙauyukan Makoda, Nababa ne ya zana ta. Shekara talatin yana zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, mata su aiko da farin yadi, ya zana musu da biro, su bi da zare. Ni maƙwabcinsa ne, amma ban taɓa ganin inda yake fara zane ba, don da hannun hagu yake karewa, kamar mai cin nama a cikin yara. A cewarsa, sirrin duka yana ga layin farko.

Sai ga taubashinsa Kamaruddeen ya dawo daga Kano da wani allon gilashi mai alƙalami. A kansa yake zane, allon ya naɗi komai tun daga ɗigon farko, ya tura wa mata bidiyon a waya su kwafa da kansu. Yadin da ake aiko wa Nababa ya ragu. Hassada ta ci shi har ya rame, ni ma na taya shi, don ban ga abin da Kamaruddeen ya iya ba ban da surutu. A majalisa Nababa ya ce na'ura ce ke yin zanen, ya kuma rantse hannunsa ba zai taɓa ta ba.

Wata Laraba Kamaruddeen zai tafi ban ruwan tumatir a Watari, ya bar masa ajiyar allon, yana tsokanarsa wai ya kula kada ya cije shi. Da hantsi Nababa ya shige zaure da allon, da niyyar kama ƙaryar Kamaruddeen. Alƙalamin ya bi hannunsa lafiya lau, har ya shagala ya zana hular da bai taɓa zana irinta ba. Ya goge ta tas, ya mayar da allon jaka. Bai san gogewa ba ta taɓa abin da aka riga aka naɗa ba.

Kamaruddeen ya tsinci bidiyon, ya tura shi babu suna. Cikin kwana uku mata suka ɗauka, suna kiransa sabon zanen Kamaruddeen, wai bai taɓa yin mai kyansa ba. Da Nababa ya tare shi, sai Kamaruddeen ya yi dariya ya ce, "Ka faɗa a majalisa naka ne, ni zan shaida."

Nababa ya tuna rantsuwarsa, ya haɗiye. Ni kaɗai ya gaya wa, idonsa jawur.

Matarsa Sa'ida ma ta kwafa, ta ɗinka masa, har da ba shi shawara ya kalli inda mutumin ya fara ko zai ƙaru. Ranar Juma'a ya sa hular. A ƙofar masallaci liman ya tsayar da shi, ya yaba, ya tambayi wanda ya zana.

Nababa ya daɗe yana neman takalminsa kafin ya ce, "Kamaruddeen."