Jarkokin Malam Bashari a Hanyar Sumama

Duk wanda ya daɗe a unguwar Badi'a ya san Malam Bashari, ko bai san sunansa ba. Shi ne gajeren mutumin nan mai furfura a gemu da ake gani ranar Juma'a yana fitowa daga kasuwar Dira da ƙullin gero a kafaɗa, yana tafe yana shinshinar citta kamar mai zaɓen turaren aure. Shekara ashirin da uku ke nan da saukarsa Riyad. Ya fara da tuƙa motar gidan wani Balarabe, daga baya ya koma kamfanin kayan gini, yau shi ke riƙe da makullin sito. Abin da kamfani ya sani ke nan. Amma in ka tambayi dangi sana'arsa, ba mai tuna sito. Cewa za su yi, "Ai shi ne mai abin sha."

Abin ya samo asali ne daga Malumfashi. Mahaifiyarsa kunun zaƙi take sayarwa a bakin tasha, kuma Allah ya ba ta maza biyar ba mace ko ɗaya. Bashari ne auta, don haka shi ya tashi a gindin murhu riƙe da rariya, yayyensa suna can suna ƙwallo. Da ya yi aure ya ɗauko Indo zuwa Riyad, sai ya sakar mata kicin gaba ɗaya, ban da tukunya guda, rariya guda da muciya guda. Waɗannan ko wankewa ba ta yi. Ta taɓa dama koko da muciyar sau ɗaya, aka yi kwana biyu ana gaisuwar maƙwabta a cikin gida.

Shi a wajensa kowane lokaci da abin shansa, kuma haɗa su rashin tarbiyya ne. In sanyin Riyad ya sauko, irin wanda ke sa mutum ya yi alwala yana istigfari, kunun tsamiya yake damawa mai zafi da kanumfari. Da azumi zoɓo ne da ɓawon abarba. In ɗanyen dabino ya shigo kasuwa sai ya jiƙa aya. Wani baƙo ya taɓa roƙonsa kunun aya a tsakiyar sanyi, Bashari ya dube shi da tausayi ya ce, "Allah ya kai mu." Amma sarkin dukansu kunun zaƙi ne, sau ɗaya a shekara, ranar Babbar Sallah.

A ranar ne gidaje takwas na dangi da abokan arziki ke haɗuwa su kama istiraha a hanyar Sumama, wato irin gidajen hutun nan na bayan gari masu katanga da ɗan filin ciyawa da tanti da dabino biyu ko uku. Mata na suya, maza na ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Shekara goma sha huɗu a jere Bashari ke kawo kunun, kuma shekara goma sha huɗu a jere yake tsayawa kusa da jarka da ludayi a hannu, yana kallon maƙogwaron duk mai sha.

Sai bana taubashinsa Jibrin ya tayar da magana. Jibrin mai ɗaukar hoton ƙashi ne a wani asibiti, dogo, mai son tsokana, kuma ɗan namiji ne, Bashari ɗan mace, don haka tun suna yara yake kiransa bawansa. Saura mako guda Sallah aka taru a unguwar Nasiriya, gidan Gogo, babbar dangi, wadda ke zaune wajen ɗanta likita, don a raba aiki.

"Gogo, a 'yanta bawan nan nawa hakanan," in ji Jibrin. "Ya tsufa. Kwana uku yana jiƙa gero kamar mai kiwon tattabaru. Ga kantunan baƙala a kowane lungu, in shiga in ɗauko bira katan biyar, mai tuffa, mai rumman, sanyi ƙalau, halas."

Wannan bira da yake faɗa ruwan sha'ir ne na kwalba marar bugarwa, da ake sayarwa ko'ina a garin, har yara na sha. Bashari bai taɓa cewa haramun ba ne. Sunan ne kawai ke tsaya masa a wuya.

"Abin da ko suna mai kyau bai samu ba," ya ce. "Kumfa da gyatsa. Ka sha kwalba uku ka tashi kamar an hura ka da famfon keke."

"Kai naka fa? A sha a ji tsakin gero a haƙori har Sallar baɗi."

"Tsaki? A kununa? Gogo, kin ji wannan sharrin?"

Gogo ta gyara zaman gilashinta. Ta haura tamanin, kuma ta yi shari'ar waɗannan biyun tun suna rigima a kan ƙanzo. Ta ce, "Bana kowa ya kawo nasa. Wanda mutane suka fi so shi za a riƙa kawowa, ɗayan ya huta. Ku tashi ku ba ni wuri, kun cika mini ɗaki da gemu."

Jibrin ya fita yana dariya. Bashari kuwa ya koma Badi'a fuska a murtuke. Indo ta san dalili. Mutum ne da ba ya iya hira a taro, ba ya ba da labari, ba ya gardamar ƙwallo. In aka karɓe ludayin nan daga hannunsa, bai san inda zai ajiye hannun ba.

Don haka kunun bana ya sha gata. Ya zaɓi gero ƙwaya-ƙwaya, ya jiƙa, ya shanya wani a kan tsumma har ya tsiro. Ya fito da cittar da wani mahajjaci ya taɓa kawo masa daga Kaciya, wadda yake ɓoye a aljihun tsohuwar jakarsa. Ya niƙa da busasshen dankali da kanumfari da ɗan masoro, ya raba ƙullun biyu, ya sheƙa wa rabi tafasasshen ruwa, da ya huce ya haɗa da ɗanyen, ya rufe ya bar shi ya yi zaƙinsa. Da asubar Sallah ya tace. Ya ɗanɗana, ya lumshe ido, ya miƙa wa Indo.

"Malam, wannan ya yi," ta ce. "Amma a ina za ka sa? Firij ɗinmu ba zai ci jarka biyu ba."

"But ɗin mota. Daga Idi sai mayanka, daga mayanka mu wuce."

"A wannan ranar? A sayi ƙanƙara mana."

"Ƙanƙara na kashe kunu. Inna ba ta taɓa sa ƙanƙara ba. Jiƙaƙƙen buhu take naɗa wa tulu, ya wuni da sanyi kamar ruwan randa."

"Inna a Malumfashi take, Malam, ƙarƙashin darbejiya."

Bai saurare ta ba. Ya jiƙa buhuna biyu sharkaf, ya naɗe jarkokin kamar jarirai, ya ɗaure murafun tamau don kada digo ya zuba, ya rufe but.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne layin mayanka. Rabin Riyad ya zo da ragonsa. Bashari ya karɓi lamba ya tsaya, motar kuma tana can a filin da ko inuwar fal ɗin wuta babu. Iskar garin nan kuwa in ka shanya riga kafin ka juya ta bushe. Buhunan ba su yi rabin sa'a ba suka zama kamar ƙanzo. Sai da rana ta take tsaka sannan aka miƙo masa namansa, daga nan suka faɗa cunkoson masu fita bayan gari, kowa da iyalinsa da tukwanensa. Indo ta ce tana jin wani ƙugi daga baya. Ya ce salansar mota ce.

An yi azahar suka isa. Jibrin na tsaye a bakin ƙofa, ya jera kwalabensa cikin baho da ƙanƙara, suna ta naso.

"Sannu da zuwa, bawana! Mun zaci ka gudu Malumfashi."

Bashari ya buɗe but. Jarkokin nan masu kusurwa huɗu sun zama zagayayyu, sun kumbura kamar akuyar da ta kwana a rumbu. Ya sauke ɗaya a hankali. Ya kama murfin ya ɗan murɗa kaɗan.

Ba ta jira sauran murɗin ba. Murfin ya yi sama, kunu ya bi shi da kumfa, ya wanke Bashari daga hula zuwa takalmi, sabuwar shaddarsa ruwan sararin samaniya ta koma kalar gero. Mata suka fito daga wajen suya da matsami a hannu. Jibrin ya dafa bango, dariya ta hana shi numfashi.

"Wayyo cikina! Jama'a ku zo ku gani! Wanda ke ƙyamar sunan bira, ga shi ya dafo mana burkutu a ƙasa mai tsarki!"

Bashari bai kula shi ba. Ya durƙusa gaban jarka ta biyu, ya sassauta murfin sannu-sannu har iskar ta gama fita, ko digo bai zuba ba. Lita ashirin cur. Ya san aikinsa: in ya zuba sukari kofi uku ya tsoma ƙanƙarar Jibrin, rabin mutanen nan za su ce ɗan tsami ne mai daɗi, wasu ma su nemi ƙari. Ya kai hanci. Warin da ya buge shi ya san shi. Shi ne warin da ke fitowa daga wani gida a bayan tashar Malumfashi, wanda Inna ta hana su bi ta ƙofarsa. Ko ya kai ya bugar, ko bai kai ba, Allah masani. Amma Gogo za ta sha, yara za su sha.

Ya ɗauki jarkar ya rungume, ya taka har gindin dabino, ya tuntsurar da ita. Kwana uku na aiki ya bi yashi yana kumfa.

"Dabinon bana dai in mutum ya ci sai ya yi rawa," in ji Jibrin, amma muryar ta ɗan sauka.

Aka ci nama, aka sha kwalba. Bashari ya ari jallabiyar ɗan Gogo, wadda ke jan ƙasa a jikinsa, ya zauna a gefen tanti hannuwansa a kan gwiwa. Aka miƙo masa hanta ya ce ya ƙoshi. Indo ta leƙo sau biyu ta koma. Can wajen la'asar aka neme shi aka rasa, sai ƙarar injin markaɗe aka ji daga kicin ɗin istirahar.

Abin da ya samu a can ba yawa: dabino cikin kwali, busasshen lemun tsamin nan baƙi da Larabawa ke sa wa shinkafa, da ragowar citta a aljihun jiƙaƙƙiyar rigarsa. Ya jiƙa, ya markaɗa, ya tace da sabon ɗankwalin Indo, wanda ta bayar ba don tana so ba. Ya fito da shi a tukunyar miya. In za a faɗi gaskiya, abin bai yi wani armashi ba. Ya yi kauri, kuma ɗacin lemun ya fi ƙarfin zaƙin. Mutane suka karɓa don kara, suna cewa madalla suna duban ƙasa.

Jibrin ne kaɗai ba ya kara da taubashi. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ɗaga kofin sama.

"Wannan kuma mene ne, maganin basir? Kai bawana, ka ji tsoron Allah. Ina wannan ina kunun zaƙinka? Wancan in ka kurɓa, cittar ta daki maƙoshi, zaƙin ya biyo baya a hankali, ka ci nama ka kora, ka ji Sallah ta zauna. Da safe ko karyawa ban yi ba saboda shi, ka je ka shayar da bishiya!"

Kowa ya juyo yana kallonsa. Jibrin ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya yi sauri ya kai kofin baki don ya toshe shi.

"Maimaita, Jibrin," in ji Gogo. "Kunnena ya yi nauyi."

"Gogo, ni cewa na yi..."

"Na ji. Mai kwalba ya yi azumi yana jiran mai jarka." Ta ajiye tata kwalbar, wadda ko rabi ba ta sha ba, ta yi gyatsa ta nemi gafara. "Shari'a ta ƙare. Kunu na Bashari ne har ya gaji. Amma ba a ƙara sa shi a but. Ni a motarka na zo yau, Jibrin, sanyinta har ƙashina. Baɗi da asuba ka biya Badi'a ka ɗauki jarkokin, a kujerar gaba, ka ɗaura musu bel."

"Gogo! Ni ɗan namiji in zama direban kunun bawana?"

"Ka ma yi sa'a ban ce ka goya su ba."

Dariya ta ɓarke har wajen mata. Bashari ya sunkuyar da kai yana gyara hannun jallabiyar aro, gemunsa na motsi. Sannan ya jawo farantin hantar da ya ƙi ɗazu, ya zaɓi babbar tsoka, ya juya wajen taubashinsa.

"Ƙarfe biyar daidai, Jibrin. Kuma ban da taka birki da ƙarfi, ba sa son girgiza."