Yadda Muka Ɗauko Manjo Daga Bena

Rikoto, Laraba da asuba

Ladanin masallacin maƙwabtanmu bai gama kiran salla ba na ji tarin motar Umaru a ƙofar gida. A-kori-kura ce fara, ko in ce ta taɓa yin fari, wadda yake jigilar awaki da buhunan dawa da ita tsakanin Zuru da kasuwar Bena. Umaru ɗalibina ne a firamare. Lissafi bai taɓa samun masauki a kansa ba, amma bai taɓa makara ba, kuma har yau da furfura a gemunsa, in ya gan ni sai ya rusuna. Ya shiga masallacin ya yi sallarsa, ni kuma na ɗaure ƙullin kayana.

Ga dalilin tafiyar. Yayana Saje Bawa, tsohon soja, ya rasu bayan girbi a Bena, inda yake noma tun da ya ajiye kaki. 'Ya'yansa suka ga yadda daji ya lalace, suka ɗauko uwarsu Ladi suka kawo ta nan Rikoto, unguwarmu a Zuru. Motar hayar ta ɗauki tukwane, ta ɗauki turmi, amma direban ya rantse ba zai ɗauki kare ba. Aka bar biyu a hannun maƙwabci: tsohon kare Manjo, da wata 'yar karya mai rawar kai, Ƙyale-su. Sai ga saƙo ya zo cewa Manjo ya daina cin abinci, kuma wasu daga cikin mutanenmu, irin waɗanda in sun kalli kare tukunya suke gani, sun fara yawan zuwa gaishe da maƙwabcin.

Ladi ta rako mu bakin mota da mayafi a ka. Ta ce, "Malam, da ransa nake son shi. In gawa ce, ka bar ta can kusa da ubangidanta."

Na ce, "Haba Yaya Ladi. Ni da na sha kai aji guda wasan guje-guje a bayan babbar mota na dawo da su cif?"

Ta ce, "Yara suna da baki, suna cewa sun gaji."

Na shiga mota.

Dabai

Sai da muka fara biyawa Dabai, don Umaru ba ya tafiya da mota wayam. Gishiri da sabulu na wani ɗan kasuwa muka ɗora. Ana lodi gari yana wayewa, ina kallon gonakin da ke gindin dutse. A nan Bawa ya yi golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukinsa shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Mahaifin Ladi ba ya sayen dariya ko a kasuwa, kuma gonarsa rabinta tsakuwa ce. Na taɓa zuwa taya shi lokacin hutun kwaleji, da farin takalmi. Kafin rana ta take hannuna ya yi bororo, samarin suka zaunar da ni a inuwa tare da karen Bawa na wancan zamani, suka ce mu biyu mu riƙa yi musu Turanci.

Ribah da Wasagu

Da hantsi muka isa Ribah, muka karya da kunun tsamiya da ƙosai mai zafi. Daga nan shingaye suka fara yawa, wani na soja, wani na 'yan sa-kai da bindigogin gargajiya. A wani shingen wani matashin soja ya leƙo ya tambayi abin da za mu yi a Bena. Da na ce kare za mu ɗauko, ya dube ni kamar wanda ya ji sabon yare, ya ce, "Baba, lafiya dai?" Na ce karen saje ne. Nan take ya gyara tsayuwa ya ɗaga mana ƙarfe.

Bayan Wasagu hanya ta zama abin da malaman labarin ƙasa ke kira kwazazzabo. Mun wuce ƙauyen da aka fara tura ni koyarwa. Bishiyar mangwaron da nake jingine keke tana nan, ajin ma yana nan, sai dai babu rufi, babu yara, kuma ko kaza ban gani a garin ba. A da, in mota ta wuce nan, sai ka ga karnuka sun biyo ta da haushi har bakin rafi. Umaru ya ƙara wuta.

Bena

La'asar sakaliya muka sauka gidan Tanko, maƙwabcin. Ƙyale-su ta tarye mu da tsalle kamar tana bin mu bashi. Manjo kuwa yana kwance a ƙofar ɗakin Bawa da aka sa wa kwado, haƙarƙarinsa duk a waje. Bawa ya raɗa masa sunan ne, in ji shi, domin kafin ya mutu ya ga ranar da zai ce wa Manjo zauna ya zauna. Na kira shi da irin fiton da muke yi wa karnuka muna samari, lokacin farautar bayan ƙunar daji. Muryata da ta Bawa suna kama. Ya ɗaga kai da sauri, ya dube ni, ya mayar da haɓarsa ƙasa. Amma ya lashi ɗan romon da matar Tanko ta kawo.

Kafin duhu na fita na tarar an sauke gishiri, Umaru yana warware igiya.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Ɗauri, Malam. Ƙafa huɗu wuri guda, a kwantar da su bisa haƙarƙari. Haka nika kai awaki Zuru, ko guda ba ta taɓa faɗuwa ba."

Na ce, "Awakin nan da kake kaiwa, ina suke kwana washegari?"

Ya sosa ƙeya. "Mahauta."

"To ka gani. Wannan gida za shi."

Ya ce to a sa musu igiya a wuya, a ɗaure a ƙarfen gefe, doguwa, su sake. Tanko ya ce a'a, shi ya taɓa ganin karen da aka yi wa haka, ya hango zomo ya yi tsalle, aka tarar da shi yana reto a jikin mota. Muka zauna mu uku kamar kwamitin jarrabawa. A ƙarshe matar Tanko ta ba mu tsohon zane, muka yaga, muka naɗa wa kowane a ƙirji ta bayan ƙafafun gaba, yadda ko ya fizga wuyansa ba zai shaƙe ba. Igiyar muka ɗaura a tsakiyar ƙarfen da ke bayan kan mota, gajera: ya tsaya, ya juya, ya kwanta, amma kada hancinsa ya wuce gefe. Ƙasan motar ƙarfe ne tsirara, mai santsi, kuma a bazara ana iya toya waina a kansa, don haka muka cika buhuna da ƙaiƙayi muka shimfiɗa. Umaru ya ɗaure zana a sama ta yi rumfa, ya ɗaure tayar safaya tamau don kada ta mirgino musu. Ya ja da baya ya duba aikin.

"Malam, ko amaryata ba a yi wa wanga gata ba."

Muka ci tuwon dawa da miyar kuka, na kwana a zauren Tanko bisa tabarma. Sauro ya yi nasa aikin da himma.

Alhamis, hanyar dawowa

Shirinmu mu tashi da sanyin asuba mu isa Zuru kafin rana ta yi ƙarfi. Abinci kaɗan muka ba su don kada su yi amai, muka cika jarka da ruwa. Amma a bakin gari muka tarar soja sun rufe hanya, sun ce sai motarsu ta duba gaba ta dawo. Ba wanda ya yi gardama. Kowa ya san abin da ake dubawa. Muka sauke karnukan a gindin tsamiya, muna zaune har inuwa ta tattare ta dawo ƙarƙashin ƙafafunmu. Sannan aka buɗe.

Ba mu yi nisa ba Ƙyale-su ta gwada aikinmu. Ta hango akuya, ta yi kukan kura, na gani ta gilashin baya. Igiya ta mayar da ita kan buhu, ta zauna tana kallon akuyar da takaici. Umaru ya ce, "Tanko ya yi gaskiya."

Bayan Wasagu, a wani hawa, motar ta fara huci. Umaru ya tsaya, ya jira ta huce, lagireto ya shanye jarkar nan kaf, bai ce na gode ba. Ni na ce ya zuba duka, don tsayuwa a wannan dajin ba abin so ba ne, kuma na ɗauka Ribah ta kusa. Sai da na zagaya baya na ga Manjo. Yana kwance bisa haƙarƙari, harshe a waje ya yi ja wur, yawu mai kauri yana zuba, cikinsa yana bugawa kamar zugazugin maƙeri. Na yi fito, ko kunne bai motsa ba. Zanar ta tare rana ta sama, amma zafin ƙarfe ya ratso buhunan.

Ba rafi, ba rijiya, ba gida. Na ce, "Umaru, mu sa shi gaba, ko iska ta buge shi."

Ya ce, "Malam, ka gafarce ni. Da tufan nan nika salla, ga dardumata nan bisa kujera. Kuma gaban ma tanda ne, injin na ƙarƙashinmu."

Gaskiya ya faɗa, duka biyun. Na tsaya ina kallon karen, ina shirya jimlar da zan gaya wa Ladi, kuma duk iya nahawuna ta ƙi haɗuwa.

Sai na ji ƙarar ƙofa. Umaru ya dawo da butarsa, babba ta roba, wadda yake ajiyewa bayan kujera don alwala. Azahar ta riga ta yi.

Na ce, "Sallarka fa?"

Ya ce, "Ga ƙasa nan ko'ina, in yi taimama. Karen gadi ne, kuma rai ne. Ina za a zuba? Ni dai ba ni taɓa shi."

Na tuna yadda Bawa ke yi wa karnuka in sun dawo daga bin gada. Ba a kwarara musu a baki, sai su shaƙe. Muka sauke shi a inuwar wata ɗorawa, na ɗaga ƙafafunsa, Umaru yana tsiyayo ruwa daga sama, hannu a miƙe, riga a tattare: ciki, hammata, tafin ƙafa, bayan kunne. Ina yi masa fifita da hulata. Ragowar na tara a tafin hannu na kai bakinsa. Da farko ba komai. Can sai na ji harshe ya taɓa hannuna, sau ɗaya, sannan ya sake. Ƙyale-su ma ta sami kurɓi biyu.

Umaru ya koma gefe, ya dafa ƙasa, ya shafa fuska da hannuwa, ya tayar da salla a bakin hanya. Ni ma na sunkuyar da kai na yi tawa addu'ar. Da ya sallame ya leƙo ya ce, "Ya hwarhwaɗo?" Na ce yana dai harara ta. Ya ce, "To, alhamdu lillahi, mai harara bai mutu ba."

Muka karyo ganye muka ƙara bisa buhunan. Na hau bayan motar na zauna, na ɗora kan Manjo a cinyata. Rabona da hawa bayan a-kori-kura tun gwiwoyina suna jin magana.

Ribah zuwa Rikoto

A Ribah muka cika jarka da buta, muka jiƙa buhu muka shimfiɗa masa, muka huta har rana ta yi sanyi. Tun a shinge, kafin mu shiga garin, matashin sojan jiya ya gan ni a baya tsakanin karnuka biyu, ƙaiƙayi a gashina, ya sara. Ban tabbata ni ya sara wa ba. Daga nan Umaru ya riƙa tafiya a hankali, yana kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwai, yana tsayawa lokaci-lokaci in ba su ruwa. Da duwatsun Zuru suka bayyana, Manjo ya ɗaga hanci yana shaƙar iska.

Gab da magariba muka tsaya a ƙofar gida. Sai da aka kama ni aka sauke, kafin a sauke kare. Ƙyale-su ta faɗa tsakar gida ta tarwatsa kajin mutane. Manjo ya tsaya. Ladi ta fito ta tsaya ita ma, ba ta kira shi ba. Ya je ya shinshina zanenta, ya kaɗa wutsiya, sannan ya wuce ta. Ya leƙa ɗakin farko, ya fito. Ya leƙa na biyu. Ya zagaya bayan rumbu, ya duba zaure, ya shinshina tsohon akwatin ƙarfe na Bawa, ya daɗe a wurin. Duk gidan ana kallonsa. Da ya gama ya dawo gabanta ya ɗaga kai.

Ta durƙusa ta kama kunnuwansa. Ta ce, "Ba ya nan, Manjo. Ni ma na duba."

Ya kwanta bisa ƙafafunta.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa Tanko da matarsa, da sojojin da suka tsare mu don mu tsira. Umaru kuwa bai tsaya a gode masa ba. Na ji shi a waje yana tambayar inda zai sami ruwan alwala.