Allurar da Ta Tsaya a Ƙafa Ɗari Biyu

Jama'a, abin da zan ba ku labarinsa ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, kuma wallahi da ina da ikon goge shi daga kaina da tuni na goge. Shekarun baya ne, lokacin ina zaune a unguwar Adjamé ta Abidjan wurin kawuna mai sayar da nama, ina karatun tuƙin jirgin sama. Ban kai ga fara tashi ba tukuna, ina ɓangaren littafi ne, kuma a duk darussan babu wanda ya shiga raina kamar meteyo, wato ilimin yanayin sama. Ni mutum ne mara surutu tun ina ƙarami, idan an taru a aji can baya za ka same ni da littafina, ina rubuta har abin da ba a ce a rubuta ba.

Kullum da yamma nakan bi ta Adjamé Mairie in shiga gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, in sauya mota in haye gada zuwa Treichville, wurin wani dattijo da muke kira Baba Isufu. Tsohon ma'aikacin duba yanayi ne a filin jirgi, ya yi ritaya, matarsa ta rasu, sai yake tara mu a ɗakinsa na saman bene yana maimaita mana karatu don ya rage kaɗaici. Mu biyu ne muka fi zuwa, ni da abokina Habibu. Habibu ɗan wani dillalin shanu ne, haifaffen Abidjan, Faransanci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa, kuma shi ya riga ni nisa a tashi, har an fara barinsa ya tashi shi kaɗai. Hannunsa a jirgi kowa na yabo, amma littafi ba ya zama a kansa. Farfesa yake kirana, ni kuwa ban taɓa samun abin rama masa ba.

A kan teburin Baba Isufu akwai ma'aunin zafi, da wani tsohon agogon tsayi na jirgi, altimetir, wanda aka ba shi lokacin da aka kwance wani jirgi da ya daina aiki. Da shi yake koya mana. Yakan ce iska tana da nauyi, muna zaune ne a ƙarƙashinta kamar kifi a ƙasan lagun, tafkin nan da ya ratsa Abidjan, idan ka hau sama nauyin da ke kanka ya ragu, zafi ma ya ragu, kusan digiri biyu a kowace ƙafa dubu. To shi wannan agogo ba ƙasa yake gani ba, nauyin iska kawai yake ji, ya fassara maka shi zuwa tsayi. Kuma tunda nauyin iskar gari yana sauyawa daga safe zuwa yamma, dole ka murɗa wani ɗan maɓalli da ke gefensa, ka sa lambar nauyin wurin da kake a wata 'yar taga da ke fuskarsa. Idan ka wuce ƙafa dubu uku, kowa ya koma lambar littafi, 1013, don jirage su daidaita da juna. Idan za ka sauko, ka mayar da lambar gari. Kowace lamba ɗaya da ka yi kuskure, kusan ƙafa talatin ce ta ƙarya.

Wannan mayarwar ita ce matsalar Habibu. Duk sanda Baba ya sa mu gwaji da baki, Habibu zai hau lafiya, ya murɗa zuwa 1013, ya ƙwanƙwasa gilashin sau biyu da zoben azurfarsa kamar yadda ya saba, amma wajen saukowa sai ya wuce bai mayar da lambar gari ba.

"Habibu, ka sauko da lambar sama," in ji Baba. "Ka mutu sau nawa ke nan a ɗakin nan?"

"Sau huɗu, Baba. Amma a jirgi hannuna ya san aikinsa, tebur ne ba ya ba ni sha'awa."

"Iska ba ta san kai ɗan wane ne ba."

Sai Habibu ya yi dariya ya ce Farfesa zai riƙa tuna masa.

Ranar da abin ya faru, lokacin zafin nan ne mai nauyi kafin manyan ruwa su sauka, wanda riga ke manne wa mutum a baya. Habibu bai zo ba. Mun yi la'asar, Baba ya ce zai sauka kanti ya karɓo maganin hawan jininsa, ya bar ni ni kaɗai, rana tar a waje, ina jin masu woro-woro, tasin haya, suna ta hon a titi. Na yi abin da na saba kullum, na murɗa maɓalli har allurar agogon ta zauna a sifiri, na karanta taga, 1010, na duba zafi, digiri talatin da ɗaya, na rubuta da lokaci, ƙarfe huɗu da minti ashirin.

Ina ɗago kai sai na ga allura ta bar sifiri. Na ɗauka tebur na taɓa. Na janye hannuna, ta ci gaba da hawa a hankali, ɗari biyar, dubu, dubu da ɗari biyar, irin hawan ƙaramin jirgin koyo sak. Kunnena ya toshe har sai da na haɗiye miyau. Ban gudu ba, kuma kada ku ɗauka jarumta ce, hannuna ne kawai ya ci gaba da rubutu don aikin da ya sani ke nan. A ƙafa dubu zafi ya koma ashirin da tara. A dubu biyu, ashirin da bakwai. Gumin jikina ya yi sanyi, hayaniyar titi ta yi nisa kamar an rufe ta da bargo.

Tana kai dubu uku, da idona na ga maɓallin ya murɗa kansa, lambobin taga suka gangara suka tsaya a 1013. Sannan na ji ƙwas, ƙwas, sau biyu a kan gilashin. Ƙarar ƙarfe ce a kan gilashi, ba ta farce ba. Na yi shekara biyu ina jin wannan ƙarar a gefena, ba zan ɓata ta ba.

Allura ta zauna a dubu uku da ɗari biyar na wasu mintuna, zafi ashirin da huɗu, gilashin tagar ɗakin ya yi raɓa har ruwa na gangarowa, domin iskar ta yi sanyin da ba za ta iya riƙe laimarta ba, daidai yadda littafi ya ce. Daga nan ta fara sauka. Da ta zo dubu uku na zuba wa maɓallin ido, ina cewa a raina juya, juya mana. Bai motsa ba. Dubu biyu, dubu, ɗari biyar, ɗari uku. A ɗari biyu ta yi wata girgiza guda ɗaya ta ƙame. Zafin Treichville ya dawo ya rufe ni, na sake jin hon ɗin motoci. Na rubuta ƙarfe huɗu da minti arba'in da bakwai.

Da Baba Isufu ya dawo ya tarar da ni ina kallon bango. Ya shafa gilashin tagar ɗakin ya dubi yatsunsa, ya karɓi littafina ya karanta a tsaye, ya ɗauki agogon ya gwada maɓallin, ya ƙi murɗuwa ko kaɗan. Sai ya nuna inda na rubuta ƙwanƙwasar a littafin ya tambaye ni.

"Ƙwanƙwasar wa ka ji?"

Na ce masa ta Habibu ce.

"To shi za ka je ka faɗa wa, da littafin nan a hannunka. Ni na yi masa faɗa har ya zama waƙa a kunnensa, idan na ƙara zai ce tsufa ne. Kai ba ka taɓa ce masa komai ba, naka zai ji."

Kwana biyu ina juya maganar. A rana ta uku na sami Habibu a wata rumfar garba kusa da kasuwar Marché Gouro, inda yake cin acheke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi, haɗin da ake kira garba ke nan, amma ba shi kaɗai ba, da abokansa uku na unguwa, masu baki kamar reza. Yana ganina ya matsa mini a benci.

"Farfesa a Gouro? Yau za a yi ruwa. Zauna, a sa maka kifi."

Ya ce ran Asabar za a ba shi tafiyarsa ta farko mai nisa shi kaɗai, zai bi gaɓar teku zuwa wani ƙaramin fili ya dawo. Na zaro littafin daga jaka, wallahi har na buɗe shafin. Sai ɗaya daga cikin abokan ya ce, "Ka ga malam zai duba maka ƙasa," suka fashe da dariya. Na hango kaina ina ce musu agogo ya tashi sama a kan tebur, na hango yadda labarin zai kai makaranta kafin ni, a ce ɗalibin da ke son a ba shi jirgi yana ganin abubuwa.

"Mene ne a ciki?" in ji Habibu.

"Ba komai. Lissafi ne." Na rufe. "Kawai dai, idan za ka sauko, ka tuna ka mayar da lambar gari."

"Mon frère, ɗan uwa, kai ma ka zama Baba Isufu? Zan tuna. Ci kifinka kafin ya huce."

Na ci. Har yau ina jin ɗanɗanon kifin nan idan na tuna, kuma tun daga ranar ban sake cin garba ba. Na ce wa kaina ai na faɗa masa abin da ya kamata. Da Baba ya tambaye ni, na ce na faɗa. Bai tambaye ni ko na nuna littafin ba, ni ma ban ce ba.

Ran Asabar da yamma hadari ya taso daga teku ba zato, irin wanda ke haɗa ruwa da sama su zama launi ɗaya. Ina rumfar kawuna ina taya shi ɗaure nama aka kira ni. Masunta ne suka ga jirgin ya fito daga ƙarƙashin gajimare yana saukowa a hankali, ba hayaƙi, ba tangal-tangal, kamar mai shirin sauka a fili, har ya shiga ruwa. Washegari aka samo Habibu. A wurin zaman makoki a Treichville mutane na ta ce wa mahaifinsa yako, yako, wato sannu da rashi, dattijon yana gyaɗa kai kawai, ni kuwa na kasa ko miƙa masa hannu da kyau.

Bayan an fito da jirgin, wani malaminmu ya tara mu ya yi mana bayani, don ya zama darasi. Ya ce an ba Habibu lambar gari ta rediyo, 1006, domin nauyin iska ya faɗi da zuwan hadarin, kuma ya maimaita ta daidai da bakinsa. Amma tagar agogonsa 1013 aka samu. Bambancin bakwai ke nan. Na yi lissafin a gefen takarda ba don ban san amsar ba, hannuna ne dai ya saba. Kusan ƙafa ɗari biyu. Yana ganin saura ɗari biyu tsakaninsa da ruwa, alhali ya riga ya iso. Na tambayi malamin lokacin, ya duba takarda ya ce sun daina jin sa wajen ƙarfe biyar saura kwata.

Na kai wa Baba Isufu littafin na faɗa masa gaskiyar abin da ya faru a rumfar garba. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, na yi imani da haka. Sai dai ya naɗe agogon a tsohon rawani ya miƙa mini ya ce, "Kai aka nuna wa, kai za ka riƙe." Bai ƙara shekara ba shi ma ya rasu.

Ban zama matuƙi ba. Na koma ɓangaren duba yanayi, yanzu aikina ke nan, in auna iska in ba masu tashi lamba. Abokan aiki suna mini tsiya wai ina maimaita lamba sau biyu kamar mai koyar da yara.

Agogon yana cikin akwatina a Adjamé, da kwaɗo, makullin a wuyana. Shekara da shekaru duk sanda na buɗe, yana nan yadda yake, ɗari biyu, 1013, maɓalli a ƙame. Bara da za mu sauya gida a unguwar na kwance rawanin don in sake naɗe shi. Allura tana kan sifiri. Taga tana nuna 1006. Na kira wurin aiki na tambayi lambar ranar, aka ce 1012, wato ko da agogon ya warke da kansa ba a sifiri ya kamata ya tsaya ba. Na gwada maɓallin da yatsa biyu, yana nan a ƙame kamar dā. Ban san wanda ya murɗa shi ba, ban kuma tambayi kowa ba. Na dai yi wa Habibu addu'a na mayar da shi akwati.

Ku da kuke karatun tashi, lambar littafi ta sama ce, ƙasa tana da tata, ku tambaya kuma ku sa hannu ku murɗa, faɗa da baki ba ya juya maɓalli. Sauran jama'a kuma, idan aka nuna muku wani abu game da ɗan uwanku, ku faɗa masa dukansa, a gaban ko su wane ne. Dariyar da na guje wa ba za ta wuce minti biyar ba.