Yatsan da Mai Ɗori Ya Kasa Miƙarwa

Bana shekara arba'in da takwas da aka binne ƙanwata Hanne a Darini. Kabarinta na can bayan gonar Baffa, inda yanzu ba mai iya zuwa saboda 'yan bindiga.

An haife ta shekarar da Turawa suka sauka daga mulki. Ƙananan yatsunta biyu a lanƙwashe suke kamar lauje, harshenta da nauyi, tafiya ma ta makara. Inna ta ce ungozoma ce ta karya ta wajen ja. Baffa ya kai ta Zakka wurin mai ɗori, tsohon ya duba ya ce, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Ya murɗe yatsun, ya jera sillen kara, ya ɗaure da tsumma. Da aka kwance suka koma yadda suke, aka sake kai ta. Har ta bar duniya, in ta hangi mai farin gemu sai ta cusa hannuwa a hammata.

Ni kaɗai take miƙo wa yatsan. In za mu kai nono kasuwar Batsari sai ta saƙale shi a nawa, ba ta saki sai mun dawo. Ina ta mita, tana ta dariya. Lokacin da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, ana ta sayen rediyo da keke, numfashinta ya fara sarƙewa. Ba ta ga kakar shekarar ba.

Kwanan nan aka haifar wa ɗana 'ya mace, da irin yatsun. Likita ya ce ba karaya ba ce, halitta ce tun daga ciki, alama ce kawai, zuciyar jaririyar ce abin dubawa. Na zauna na yi kuka. Ashe ciwon Hanne a ƙirji yake, aka yi ta azabtar da yatsa. Da tana raye ban san ko za ta gane bayanin ba, amma na san za ta karɓi yarinyar ta ƙi bayarwa.

Hanne ba ta bar ɗa ba, ba ta bar hoto ba. Jiya wata maƙwabciya ta ce, "Iya, ai akwai mai ɗori nan kusa, tun ƙashin bai yi ƙwari ba."

Na ɗauki jikata, na ɓoye hannuwanta cikin mayafina.