Kulu ta Alsawra da Mesar da Suka Ƙi Tattabara

Da an sallame sallar asuba, Kulu takan fara da tattabaru. Ta watsa musu dawa, ta canza ruwan kasko, ta leƙa masu kwanci. Daga nan sai ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, don kada warin tsuntsu ya bi ta, sannan ta buɗe ɗakin baya. Abin da ke cikin ɗakin nan shi ya sa na ɗauki alƙalami. Mesa ne guda biyu, kowacce cikin akwatinta na katako da gilashi, babbar ta fi gadon igiya da muke kira angareb tsawo.

Ba nata ba ne. Na Ustaz Almahdi ne, malamin kimiyya, maƙwabcinmu a nan unguwar Alsawra ta Umdurman, wanda ya raine su tun suna kamar igiyar guga, yana kai su aji ya nuna wa ɗalibai. Kulu 'yar garin Mai Wurno ce, wanki da shara suka kawo ta gidan. Duk mai aikin da aka ɗauka kafin ita, ranar da ta ga ɗakin baya ranar take ɗaure kayanta. Kulu kuwa ta tsaya a bakin ƙofa ta dube su, ta ce, "To su wa ke share musu?" Shi ke nan, aka yi shekara ashirin da ɗoriya.

Da yaƙi ya ɓarke, Ustaz ya kwashi matarsa marar lafiya ya yi Masar da ita. Ya damƙa wa Kulu makulli, ya ce tattabarun tsakar gida abincin mesa ne, ta riƙe masa amana har Allah ya sa ya dawo. Mu maƙwabta muka ɗauka ya rabar da dabbobin kafin ya tafi. Kulu ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Sai sanyi ya shigo, ga wuta an ɗauke tun tuni. Mesa idan ta ji sanyi takan daina cin abinci, wannan Kulu ta saba gani duk shekara, bai tayar mata da hankali ba. Abin da ya hana ta sukuni shi ne fitilar da ke ɗumama akwatunan ta mutu, kuma ta taɓa ganin yadda sanyi ke kama su a ƙirji, baki ya cika da kumfa. Ta duba gidan kaf, sai idonta ya faɗa kan ramin dukhan na matar Ustaz, wato ramin da matan ƙasar nan ke hura itacen talih a ciki su zauna a kai, su turara jiki saboda maigida. Itacen yana nan tuli guda. Sai ta riƙa hura shi da la'asar, ta bari hayaƙin ya fice sarai, ta rufe garwashin da yashi da faifan ƙarfe, ta jawo akwatunan ta ɗora a kan ƙasar mai ɗumi.

Ba ta yi tunanin hancin matan unguwa ba. A Umdurman, ƙanshin talih daga gidan mace magana ɗaya yake yi. Mariyamu, mai dafa tukunyar takiya inda ake raba wa unguwa abinci kyauta, ita ta fara tare ta.

"Ya Kulu, talih? Da furfurarki, mijinki shekara nawa a ƙasa? Wane ne angon?"

Kulu ta ce, "Angon na barci, ki rage murya."

Wasa ta yi, amma a wancan lokacin ba a wasa da zancen ɓoyayyen namiji. Kafin kwana biyu magana ta zama cewa Kulu ta ɓoye ɗan bindiga a gidan Ustaz. Wata safiya Ammar, shugaban kwamitin unguwa, ya zo da maza, ɗaya riƙe da gatari. Mata muka biyo baya, har da ni da sandata.

Ammar, da ke kiranta Hala, wato inna, ya ce, "Hala Kulu, ki yi haƙuri. Buɗe ɗakin nan."

Ta buɗe. Ya shiga da ƙarfinsa, ya yaye bargon da ke kan akwatin farko. Ban taɓa sanin ƙato irin Ammar na iya fita ta ƙofa da baya, da gudu, ba tare da ya juya ba. Mata suka sa salati, wata ta zubar da takalmi. Ni ma ba zan yi muku ƙarya ba, baya na ja da sandata.

Mariyamu ce ta fara dawowa hayyacinta. Daga can bayan randa ta ce, "Yaushe rabon su da abinci?"

"Tun shigowar sanyi."

"Innalillahi! Ya jama'a, kun ji? Cikinsu suke wofintarwa. Mesa in ta ƙi abinci, mutum take aunawa. Ga yaran 'yan gudun hijira cike da makarantar bayan katanga!"

Wannan zance na ji shi a bakin kakata, na ji shi a bakin masu digiri da muka koyar tare. Duk wanda ya faɗa mini nakan tambaye shi sunan wanda aka haɗiye, kullum kuma ɗan'uwan wani ne a wani gari da ba a tuna sunansa. Na faɗi haka a wurin, ba wanda ya saurare ni. Mai gatari ya matso.

A nan ne Kulu ta yi abin da ya sa nake kiranta kainuwa dashen Allah. Ta gyara tob ɗinta, wato lulluɓinta, ta zauna daram a kan akwatin babbar.

"Amana ce," in ji ta. "Mai ita bai ce in riƙe sai ranar da kuka tsorata ba. Ammar, ɗauko mini tattabara ɗaya ka gani da idonka."

Aka kawo wata fara mai ɗigon baƙi a wuya. Ta ɗaga murfi ta saka. Mesar ta zaro harshe sau ɗaya, ta kau da kai, ta cusa shi ƙarƙashin jikinta kamar tsohuwar da aka tasa daga barci. Tattabarar har ta taka bayanta tana gyara fiffike. Kulu ta sa hannu ta ɗauko ta, ta miƙa wa Mariyamu.

"Ungo, ta wannan makon."

Mariyamu ta dubi tsuntsuwar, ta dubi Kulu, ta ce, "Kar dai... waɗanda kike kawo mini duk Juma'a..."

"Su ne. Ustaz ya ce abincin mesa ne, ba ni da ikon taɓa rabonsu. Amma abin da na miƙa musu suka ƙi, ya fita daga haƙƙinsu. Shi nake kai wa tukunya."

Tun shigowar sanyi, romon tattabara shi ne kaɗai naman da takiya ke samu, ana ajiye shi don masu jego da marasa lafiya. Na sha shi lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni. Mahaifiyar Ammar ta sha. Wata mata ta fara kakarin amai tana cewa an ciyar da mu ragowar maciji.

Kulu ta ce, "Wace ragowa? Da rai ta shiga, da rai ta fito. Ammar, ba kai kake yanka su ba? Ban ji kana bismilla ba?"

Sai Ammar ya karɓi gatarin daga hannun mai shi, ya ce a sa kwaɗo biyu a ƙofar, a jira zafi. In zafi ya zo ba su ci ba, ba zai ƙara sauraron kowa ba.

Sauran sanyin nan Kulu ta yi shi ne da ido a kanta. Wasu suka daina amsa gaisuwarta, amma ban ga wanda ya mayar da romo ba. Da iska ta juya, bango ya fara ɗaukar zafi, ta aika aka kira Ammar da Mariyamu. Babbar mesa ta ci a gabansu, ƙaramar ta biyo baya bayan 'yan kwanaki. Mariyamu ta riƙe haɓa ta ce, "To yanzu ni me zan sa a tukunya? Ba za su ƙara ko ɗan sati biyu ba?"

Ustaz bai dawo ba, ƙasar Masar ta riƙe shi kusa da matarsa, Allah ya jiƙansu. 'Yarsa Hadil ce ta zo a watan jiya. Kulu ta kai ta ɗakin baya, ta buɗe akwatunan, ta miƙa makulli. Hadil ta durƙusa tana kuka, don ta ce ita gawar gida ta zo gani, ba ta zaci ko tsintsiya za ta tarar ba. Gwiwoyin Kulu sun gaji, gobe za ta koma Mai Wurno wurin 'yarta.

Kulu, ke ce kika kwana da yunwa alhali tattabaru na kuka a tsakar gidanki, ba ki yanka ko ɗaya don kanki ba. Ke ce kika bari aka yi da sunanki a bakin famfo, tsohuwa mai turaren amare, don kada abin da aka ba ki riƙo ya ji sanyi. An ba manya riƙon abin da ya fi mesa kyan gani a garin nan, mun ga yadda suka yi da shi. Mun gode, Allah ya saka miki, ya ɗumama ƙasusuwanki yadda kika ɗumama na bayinsa da kowa ke gudu.

Ku kuma masu karatu, in an ba ku amana, kada ku tsaya duba ko tana da kyan fuska. In kun ji an ce "ai kowa ya sani", ku tambayi sunan wanda ya gani.

Jiya na je yi mata sallama, na tarar tana yi wa Hadil wasiyya a bakin akurki. Ba ta roƙi komai don kanta ba. Cewa ta yi, "Ki wanke hannu kafin ki shiga. In sanyi ya zo suka ƙi ci, kar ki tsorata, kar ki matsa musu. Ki dai miƙa musu tukuna, sannan ki kai wa Mariyamu."