Wa Zai Wanke Ni a Tsibirin Sani?

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Sani, kuma har yau ban ga kabarinsa ba. Yana can wani tsibiri a ƙuryar arewacin ƙasar Sikotilan, inda sai ka hau jirgin sama, ka sauka, ka shiga jirgin ruwa, shi ma in iska ta yarda. Duk shekara in wannan wata ya kama nakan yi masa sadakar dabino a unguwarmu ta Ƙurban a nan Madina, in yi kukana in share ido. A bana ko kukan ban samu yi ba, don tsoro ya riga shi cika mini ciki. An kira ni tsibirin nan, kiran da ba a cewa a'a.

Wanda bai san mu ba zai ce mene ne abin tsoro a tafiya. Kakanmu da ƙafa ya taso daga ƙasar Gobir, ya yi shekaru a hanya yana ƙodago a gonakin Sudan, ba don komai ba sai don ajali ya same shi a Madina, a sallace shi a Harami, a rufe shi a maƙabartar Baƙi'a. Da wannan aka rene mu. Mahaifiyarmu ko Umra ta je, hankalinta ba ya kwanciya sai ta hango dutsen Uhudu, wai kada mutuwa ta ritsa da ita a waje. Ni na gado ta sak. Ga shi kuma ni ce mai wankan gawar mata a unguwarmu, na saba ganin an rasu da hantsi, kafin la'asar an gama komai.

Sani ne ya fita zakka. Matarsa ta rasu wurin haihuwar 'yarsu Maryam, ni na wanke ta, ni kuma na goya jaririyar. Shi kuwa Madina ta yi masa ƙunci. Ya tafi ƙaro karatun haɗa magunguna, daga nan aiki ya kai shi tsibirin, da yarinyar ta tasa ya zo ya ɗauke ta.

Tun daga lokacin bai bar kunnena ya huta ba. Duk Juma'a sai ya bugo waya: "Yaya Binta, ki zo ki ga ikon Allah." Wai akwai wasu tsuntsaye gajeru masu jan baki kamar an ƙunsa musu lalle, suna tona rami a bakin dutse, ka zauna kusa da su ba su gudu. Akwai dabbobin ruwa masu gashin baki irin na mage, suna shan hantsi a kan duwatsu, in ka yi fito sai su ɗago kai. Rairayin bakin tekunsu fari ne fat, ruwan kuwa ko yatsa ba ka iya daɗewa da shi a ciki. Tumakinsu ciyawar teku suke ci. Ƙasa suke yankowa kamar tubali, su shanya, su hura wuta da ita. Ya ce zai kai ni wurin wasu dogayen duwatsu da mutanen dauri suka kakkafa a da'ira, ya hau da ni hasumiyar fitilar da ke nuna wa jirage hanya, in zauna da tsofaffin matan da ke saƙa rigunan ulu. Da bazara kuma, in ji shi, rana ba ta son faɗuwa.

Nakan bari ya gama tsaf, sannan in ce, "Na ji. Akwai Baƙi'a a can?" Sai ya tuntsire da dariya ya ce ni matsoraciya ce. Ban taɓa musa masa ba.

Cikin hunturu zuciyarsa ta tsaya, yana dawowa daga aiki. A ranar iska ta taso, jirgin ruwa ya daina zuwa. Babu namiji Musulmi ko ɗaya a tsibirin sai shi, masu wanke shi da limamin suna can ƙetaren ruwa suna jira. Ƙanena ya yi kwanaki a aljihun sanyi na ajiye gawa a ɗan asibitinsu. Maryam, wadda lokacin ko sakandare ba ta gama ba, tana kira na tana kuka, ni ina nan da garin magarya da kafur cike da kwabata, ba abin da zan iya. Maƙwabtansa Kiristoci ba su rage komai ba, Allah ya sani. Su suka riƙe yarinyar, su suka haƙa kabarin cikin ruwan sama, suna duba alƙibla a waya. Na so a dawo da shi gida, Maryam ta ce ya sha gaya mata kada a yi yawo da gawarsa. Amma wannan jiran ne ya tsaya mini a rai. Har yanzu in na buɗe firij sanyin ya bugi fuskata, sai gabana ya faɗi.

Maryam ba ta dawo ba. Ta zama ma'aikaciyar jinya, ta auri Yusuf, ɗan tsibirin da ya musulunta, yana aiki a jirgin ruwan nan. Yanzu tana da cikin fari. A al'ada gida za ta zo goyon ciki, in tsaya a kanta, in yi mata wankan jego, in dama mata kunun kanwa. To jininta ya hau, likita ya hana ta doguwar tafiya. Ta kira ni, da Hausarta da Larabci ya cinye rabi, ta ce, "Gwaggo, ana ha'ifa, wallahi tsoro nake ji. Ki zo."

Ɗana ya ce, "Halas ya Ummi, jawaz ɗinki, fasfo dai, yana nan, ni zan raka ki." Shi abin da sauƙi. Ni ce mai ciwon sukari da hawan jini, ni ce na haura sittin. Na ga kaina a wancan aljihun sanyi, iska tana kaɗawa, babu mace Musulma da ta san yadda za ta wanke ni ta rufe mini al'aura. Da Sani yana raye, da ya ce ga shi Allah ya kama matsoraciya, abin da tsuntsayensa suka kasa, ɗan tayi ya yi. Da kuma ya ce ƙasa duk ta Allah ce. Na sani. Sanin bai hana ni tsoro ba.

Sai na kafa mata sharaɗi. Na ce zan zo, amma sai ta koyi wankan gawa tukuna, don in ta Allah ta kasance ita za ta yi mini. Ƙawayena suka ce ban da hankali, ina za a koya wa mai ciki wannan. Na yi kunnen uwar shegu da su. Ta jingine wayarta a kan tebur, ta kwantar da dogon matashin kai a matsayin gawa, ta rufa mata zane. Na ce ta fara da alwala, sannan ɓarin dama, ta juya ta a hankali kamar mai rai, ruwan magarya, kafur a ƙarshe, ta kitse gashi ta mayar baya. Tana yi da ƙaton cikinta, tana haki, ina gyara mata. Hannun ubanta gare ta, ba gaggawa.

Da ta ɗaure ƙullin ƙarshe sai ta tsaya tana kallon matashin. Can ta ce, "Gwaggo, na iya naki. To in ni ce na riga ki fa, kamar Mama? Wa zai yi mini?"

Na yi niyyar in yi mata faɗa, na fasa. Ɗana na ƙwala wa kira na ce ya yanki tikiti.

Sani bai bar gida ba, bai bar fili ba, ko kabarin da za mu riƙa ziyarta bayan sallar Juma'a bai bar mana ba. Yarinyar nan ce kaɗai ta rage daga gare shi, da taurin kansa da komai, ita kaɗai a tsakiyar teku. Jibi za mu tashi. Tsoron yana nan daram, ko abinci ba na iya ci sosai. Ban sani ba ko zan ga tsuntsayen, an ce ba lokacinsu ba ne. Kabarinsa dai zan tsaya a kai in yi masa sallama, in Allah ya kai ni.

Na gama haɗa akwati. Na sa gero da kanwa da yajin jego, na sa man zaitun na shafa wa jariri, na sa magarya da kafur a ƙasa. Likkafani biyu gare ni da na wanke da zamzam tun tuni. Na fito da su, na daɗe ina kallon su a kan gado. Ɗaya na ɗauka, daidai tsawona.