'Yan Kunnena da A-kori-kurar Malam

Duk wanda ya san mijina Malam ya san ba a ajiye gwangwani a gabansa. Kana juye madara zai miƙo hannu: "Kawo nan, wannan ƙofar mota ce." Ni ban yi boko ba, autata Binta ce ke rubuta wannan. Ina faɗa ina share hawaye, ita kuma tana dariya, sai ku yi haƙuri da mu duka.

Ƙuruciyarsa a hanya ta ƙare, yana jan wata tsohuwar a-kori-kura daga Kontagora zuwa Zugurma da Mashegu, ya kai gishiri ya dawo da doya. Da gwiwa ta hana shi tuƙi, sai ya ci karo da wani kwali a wurin 'yan gwanjo: 'yar mota ce ta roba a wargaje, kai za ka harhaɗa ta da gam. Shi ke nan! Zaurenmu ya koma tasha, ni kuma na samu sabon suna, Kwandasta.

Yara suka riƙa aiko masa da kwalayen daga birni. Zai haɗa, ya jujjuya, ya ja tsaki.

"Duk motocin tsere! Kwandasta, dubi wannan, cikinta na jan ƙasa. Wa zai ɗora mata doya? Ko kwanar Kaboji ba za ta kai ba."

"To, Malam, ai ba hawa za ka yi ba."

"Ko ba a hawa, a yi abu da hankali!"

Ya sa Binta ta rubuta wa masu ƙera su wasiƙa can ƙasar waje, wai su yi irin a-kori-kurarsa, da ƙarfen kaya a baya, da lotsewar ƙofar hagu. Binta ta ce, "Baba, ina suka san lotsewar ƙofarka?" Ya ce, "Shi ya sa nake gaya musu." Ya jira amsa har damina biyu. Da ya gaji ya ce, "Ba su iya ba ne, kunya ta hana su faɗa. Ni zan yi."

Nan kayana suka shiga uku. Silifas ɗina ya ɓace, ashe tayoyi ya yanka. Rariyar tankaɗena ta zama ragar gaban mota. Duk abin da na nema, amsarsa ɗaya ce: "Abin da bai fita daga gida ba, bai ɓata ba." Motar kuwa yana ɓoye ta a akwatin ƙarfe, wai ba a ganin amarya kafin ranar kai ta.

To, ga abin da ya sa na ce a rubuta. Ina da 'yan kunne masu farin dutse, na mahaifiyata ne. Wata rana maƙwabciyata Saratu, Maman Yohanna, 'yar Rijau, ta zo yi mini kitso kamar yadda ta saba tun muna da ƙarfi. Na cire su na jefa a gwangwanin madara da ke gefen tabarma. Aka gama kitso, ta tafi, na duba: ba gwangwani, ba 'yan kunne.

"Malam, ka ga 'yan kunnena?"

Bai ko ɗago kai ba. "Abin da bai fita daga gida ba..."

Wallahi na ɗauka waƙarsa ce ta kullum. Na ce a raina, silifas dai, rariya dai, amma me mota za ta yi da ɗan kunne? Sai zuciyata ta tafi kan Saratu. Ban faɗa wa kowa ba, har shi. Na dai daina kai mata kaina, gaisuwa ta koma ta kan katanga. Shekara uku muna haka.

Da Malam ya rasu, Saratu ce ta fara shigowa da tukunyar kunu. Duk tsawon takabata ba ta fasa leƙo ni ba. Ina cin abincinta, zato na cin raina. Na ce wa kaina, Lami, kin tsufa, Malam ya tafi bai yi sallama ba. In matar nan ba ta ɗauka ba fa, da wane ido za ki tsaya gaban Allah?

Da na fita takaba na ce Binta ta buɗe akwatin. Ga a-kori-kura, da lotsewar ƙofarta, da 'yan doyoyi na laka a baya. A gaba kuma 'yan kunnena ne fitilu biyu, suna ƙyalli, suna kallona.

Na yi salati. Na yi kuka, na yi dariya, na ce, "Malam, ka ci amanar Kwandasta!" Amma ji na yi kamar an sauke mini buhun gishiri daga ka.

Na ɗauki motar na nufi gidan Saratu, ko takalmi ban sa daidai ba. Na durƙusa na gaya mata komai. Ta karɓi motar ta kai kusa da ido, ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Yaya Lami, ai na sani. Tun ranar da kika kai wa wata kanki na gane. Na ce wata rana za ki zo da kanki. Ban dai zaci da mota za ki zo ba."

"Ki yafe mini, Maman Yohanna."

"Na yafe tun tuni. Cire kallabin nan mu gani. Kai! Wa ya yi miki wannan ɓarnar? Zauna."

Tana tsefe mini kai ta ce in cire 'yan kunnena daga motar. Na ce a'a, Malam bai taɓa barin motarsa ba fitila ba, ba zan fara masa yanzu ba. Motar tana nan a zaurenmu, kuma ba ta sake fita daga gida ba.

Ya Allah, na yafe masa silifas, na yafe masa rariya, na yafe masa 'yan kunne. Kai ma ka yafe masa, ka haskaka masa kabarinsa, ka sa ya sauka lafiya. Amin.